Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Kaduna: A Ba Mu Abin da Za Mu Faɗa wa Yara Game da Jikinsu

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan alheri, Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a cikin birnin Zariya. Shekarata 19 ina koyar da kimiyya, kuma uwa ce ta 'ya'ya biyar, uku mata biyu maza. Ba zan ambaci sunan makarantarmu ba, domin abin da zan faɗa ya shafi sirrin yara, kuma garin nan ƙarami ne ga wanda ya san shi. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki alƙalami, saboda nauyinta. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Wata ranar Talata cikin hunturu, an dawo daga hutun tara, sai na ga kujerar wata yarinya 'yar aji ɗaya babu kowa. Jakarta na nan. Na tambayi ƙawayenta, kowa ya sunkuyar da kai. Na fita nema, na same ta a bayan banɗaki ta tsuguna a jikin katanga, ta ɗaure ƙugunta da hijabi, jikinta na rawa. Shekararta 12. Ban ce komai ba tukuna ta riƙe mini hannu tana cewa, "Malama, wallahi ban yi komai ba. Wallahi babu wanda ya taɓa ni." Kwananta uku ke nan da fara ganin jini. Takardun littafinta take yagowa tana tarewa da su. Wata ƙawarta ta gaya mata cewa jinin nan ba ya zuwa sai ga yarinyar da ta bi maza, shi ya sa ta kwana uku ba barci, tana tunanin dukan da za ta sha idan babanta ya ji.

Na kai ta ofis, na kulle ƙofa, na ba ta audugar mata daga jakata, na nuna mata yadda ake sawa. Bayanin da na yi mata bai kai minti goma ba. Da na gama sai ta ɗago kai ta ce, "Malama, ke ma kina yi?" Na ce ina yi, innarki ma tana yi, haka kowace mace mai lafiya. A nan ne ta fashe da kukan da ta riƙe kwana uku.

Da yamma na bi ta gida. Mahaifiyarta mutuniyar kirki ce, mai tsafta, mai kula da 'ya'yanta. Da na gaya mata sai ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Wallahi Malama nauyi nake ji, kin san 'yar fari ce, ko sunanta ba na iya faɗa. Ni ma kakata ce ta zaunar da ni." Ranka ya daɗe, a wannan amsar tata matsalar take. A da, yarinya tana tashi ne a babban gida, da kaka da goggo da matan baffanni. Abin da uwa ke jin kunyar faɗa, kaka za ta faɗe shi cikin wasa da dariya a ɗakinta da daddare. Yau miji da mata suna haya ne a ciki da falo a Tudun Wada ko Gyallesu ko Tudun Jukun, kaka tana ƙauye ko ta riga mu gidan gaskiya. Kunyar ta biyo mu gidan haya, amma masu ɗauke wa uwa nauyin ba su biyo mu ba.

Ka fi ni sanin tarihin wannan darasi a makarantunmu. A 2003 hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, wato NERDC, ta fitar da manhajar Ilimin Zaman Iyali da Cutar Ƙanjamau, bayan an sauya wa ta farko suna an kuma rage mata abubuwa saboda ƙorafin shugabannin addini, aka kuma bar wa jihohi damar daidaita ta da al'adunsu. A watan Nuwamban 2022, a taron Majalisar Ilimi ta Ƙasa a Abuja, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar ta cire ilimin jima'i daga manhajar ilimin farko, yana ganin aikin iyaye ne da malaman addini. Abin da zan iya ba ka shaida a kai shi ne abin da ya biyo baya a ɗakin malamai. Tun daga lokacin, abokan aikina da dama suka ɗauka an haramta maganar baki ɗaya. Babin balaga da ke cikin littafin kimiyya, wanda dama can a guje muke wuce shi, sai ya zama ana tsallake shi, ko a ce wa yara su je su karanta a gida. Kowa na tsoron ranar da wani uba zai zo bakin ofishin shugabar makaranta da fushi, a rasa takardar da za ta kare malami.

Ban ga laifin iyayen da suka ji tsoro ba, domin ni ma uwa ce. Sunan kansa ya isa ya tayar da hankali. Idan ka ce wa magidanci a Kwarbai ko Anguwan Juma za a koya wa 'yarsa "ilimin jima'i", abin da kunnensa ya ji shi ne za a koya mata yadda ake yi. Wane uba ne zai yarda? Kuma na taɓa ganin ƙananan littattafan da wata ƙungiya ta kawo mana shekarun baya, da zane-zanen da ba zan bari 'yata ta gani ba, da maganganun da ka san an ɗebo su ne daga wata ƙasa mai wata tarbiyya aka juye mana. Na mayar da su cikin kwali, ban raba ko ɗaya ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Wanda ya ce a tsaya a duba abin da ake shigo mana da shi ya yi gaskiya. Inda na rabu da su shi ne, an ɗauke abu ba a ajiye komai a gurbinsa ba, alhali muna da abin ajiyewa.

A gidan karatu na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da zaure a cikin birni inda ɗalibai ke ɗaukar karatu bayan Asuba da bayan La'asar. Daga cikin gida muna jin sa yana fassara Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Duk wanda ya yi wannan karatu ya san abin da ke ciki: abin da ke warware alwala, abin da ke wajabta wanka, bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi, alamomin balaga, jinin haila da jinin biƙi, da cewa mafi yawan kwanakin mai farin shiga 15 ne. Da Hausa tsantsa ake faɗa, a gaban samari, kuma ban taɓa jin an kira shi batsa ba. Karatun tsarki ne, wanda salla ba ta inganta sai da shi. Mu mata, yayar mahaifina ce take biya mana namu a ɗakinta.

Kuma asalinsa ya wuce zauren mahaifina. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ummu Sulaim ta zo gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ta fara da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta tambaye shi ko mace tana wanka idan ta yi mafarki, ya kuma ba ta amsa. A Suratun Nur aya ta 58 an umarci yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin shiga ɗakin iyaye a lokuta uku: kafin Asuba, da lokacin ƙailula, da bayan Isha. Hadisin da ya ce a umarci yara da salla suna da shekara 7, shi ne ya ce a raba musu shimfiɗa suna da shekara 10. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukunce-hukuncen tsarki da salla, su kuma suna karantar da ɗalibai a waje. Abokan aikina Kiristoci daga Wusasa da Sabon Gari suna gaya mini su ma suna da koyarwarsu cewa jiki haikali ne da ya wajaba a tsare, kuma kukan da nake yi shi suke yi game da 'ya'yansu.

Za a ce to ai ga Islamiyya nan. Gaskiya ne, kuma Allah ya saka wa malamanta. Sai dai ba kowace yarinya ce ke kai wa babin haila kafin jinin ya zo mata ba, wasu tun suna shekara 10 ko 11 yake zuwa. Inda malamin namiji ne, sau da yawa ya kan karanta matanin ya wuce da sauri, shi yana jin nauyi su ma suna ji. Sannan littafin fiƙihu hukunci yake bayarwa. Ba zai gaya mata sau nawa za ta canza ƙunzugu ba, ko cewa tsumman da bai bushe a rana ba yana jawo ciwo, ko wane ciwon mara ne na al'ada wane ne na zuwa asibiti. Ba zai kuma gaya mata wurin wa za ta je ba idan wani babba ya fara jan ta ɗaki.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya hana ni barci har na rubuta wasiƙar nan.

A unguwarmu akwai wata yarinya 'yar shekara 9, 'yar firamare. Akwai wani mutum da ke shiga gidansu kamar ɗan gida, Kawu take ce masa. Yakan aike ta, ya ba ta alewa ko naira hamsin. Ya gaya mata idan ta faɗa wa wani, innarta za ta mutu. Yarinyar ta yarda, domin babba ne ya faɗa, kuma mun koya mata babba ba ya ƙarya, ba a yi masa musu. Ba a gane ba sai da uwar ta lura tafiyarta ta canza. Daga nan kuma aka shiga zaman dangi: a rufa asiri, kada a ɓata mata suna, wa zai aure ta gobe, ai ɗan uwa ne. Kafin uwar ta yi ƙarfin hali ta ɗauke ta zuwa asibiti, mako guda ya wuce. Ni na raka su. Ma'aikaciyar jinyar ta gaya mana cewa maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, bayan nan ba ya aiki. Uwar ta zauna a kan benci ta ɗora hannu a ka ta ce, "Da na sani." Allah ya taimaka gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su nuna cutar ba. Amma yarinyar da ke cika layinmu da surutu ta koma shiru, sai kallo.

Na tambaye ta wata rana, a hankali, me ya sa ba ta gaya wa innarta tun farko ba. Ta ce, "Ban san me zan ce ba." Ba ta da kalmar. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa akwai wuraren da ba wanda ke da ikon taɓawa a jikinta, ko Kawu ne, ko malami, ko mai shago, kuma idan aka ce mata "kada ki faɗa", to wannan ne abin da za ta fara faɗa.

Jiharmu ba ta yi sake ba ta fuskar doka. Muna da dokar kare haƙƙin yara ta 2018. A Satumban 2020 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe. Muna da cibiyoyin Salama da ke karɓar waɗanda aka ci zarafinsu kyauta, ɗaya tana nan Zariya a asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, asibitin da ke ɗauke da sunan matar da aka aurar tana da shekara 13 ta kuma ƙare rayuwarta tana fafutukar 'ya'ya mata. Duk waɗannan suna aiki ne bayan ɓarna ta auku, kuma sai idan yaro ya buɗe baki. Na taɓa tambayar ajina, yara sama da 70, wa ya san cibiyar Salama. Hannu biyu aka ɗaga.

Kada a ɗauka maganar mata ce kawai. Samarinmu ma babu mai yi musu magana. Yaro zai yi mafarkin farko ya ɗauka ciwon sanyi ne, ya tara kuɗin tara ya je ya sayi jiƙo a wurin mai magani. Su kuwa masu maganin nan da ke kafa lasifika a kasuwa da bakin tasha, abin da suke faɗa da rana tsaka, yara na wucewa da kayan makaranta, ba zan iya rubuta shi a nan ba. Wani abokin aikina ya ƙwace waya a hannun ɗan aji biyu, ya duba, ya zo ofis ya zauna ya kasa magana. A shagon caji aka tura wa yaron, da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Yaran da muke cewa muna tsare wa kunne, wasu sun riga mu zuwa wurinsu, kuma abin da suke koya musu shi ne mace abin wasa ce. Akwai kuma yara maza da ake lalatawa, a unguwa da makarantun kwana, waɗanda su ko kukan ba a ba su damar yi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shirunmu shi ne tsagar.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, shi ne Jihar Kaduna ta rubuta nata darasin da hannunta. Ilimi yana cikin abubuwan da tsarin mulki ya ba tarayya da jihohi iko a kai tare, don haka ba sai mun jira Abuja ba. Kuma ba sai an je nesa neman masu rubutawa ba. A Zariya kaɗai akwai Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a Kongo, da likitocin yara da na mata a asibitin koyarwa na Shika, da masu horar da malamai, da malaman zaure waɗanda suka gaji karatu kaka da kakanni. A gayyato Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar Kiristoci ta CAN da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, a nemi albarkar Mai Martaba Sarkin Zazzau. A zaunar da su da mu da ke riƙe da alli, da iyaye mata, har da waɗanda ba su yi boko ba, domin su ne suka san inda kunya take da inda za a bi a kewaye ta. A sa masa sunan da ya dace da abin da ke ciki, kamar Tsarki, Balaga da Tsare Kai. A rubuta shi da Hausa da Turanci, domin yarinyar da na samu a bayan banɗaki da na yi mata bayani da Turanci da ba ta fahimci rabinsa ba.

A bi shekaru. Ɗan firamare na ƙasa ba ya buƙatar komai sai ya san al'aurarsa tasa ce, ya san taɓawar da ba ta dace ba, ya san ana cewa a'a ko ga babba, ya san mutum biyu ko uku da zai gaya wa. Daga aji biyar zuwa shida a shigo da alamomin balaga kafin su riske su, da tsafta, da wanka. A ƙaramar sakandare a yi maganar yadda ciki ke samuwa a kimiyyance, da haɗarin haihuwa ga jikin da bai gama ƙosawa ba, irin su yoyon fitsari, da ƙanjamau da sauran cututtuka, da sharrin waya, da kamun kai, da girmama mace. Mata su koyar da mata, maza su koyar da maza, a ajujuwa dabam. Kafin a buɗe littafin a aji, a kira taron iyaye da malamai a karanta musu shi shafi-shafi. Uban da ya ce shi zai koya wa ɗansa a gida, a ba shi littafin ya tafi da shi, a gode masa. Ina da yaƙinin mafi yawansu za su ce a koyar. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke nan Zariya ta yi shekaru tana tara 'yan mata a ƙauyukan kewaye ƙarƙashin mata masu jagoranci, ana karatu ana maganar rayuwa da lafiya, kuma da yardar iyaye da masu unguwanni ake yi, saboda an fara zama da su. Ga kuma shirin tallafa wa ilimin 'yan mata na AGILE da jiharmu ke ciki. A tambaye su abin da suka koya.

Sai abu biyu da idan babu su duk wannan zai tsaya a takarda. Na farko, malamai. A zaɓi masu natsuwa da mutunci a kowace makaranta, a horar da su, a kuma aiko da takarda daga ma'aikata mai sa hannu da hatimi da ke bayyana abin da aka yarda a koyar da abin da ba a yarda ba. A tanadi hanyar da yaro zai kai ƙara ba tare da ya bi ta hannun wanda yake tsoro ba, domin dole in faɗi gaskiya ko da a kanmu ne: wani lokacin mai cin zarafin malami ne, kuma canza masa makaranta kai shi ne wurin wasu yaran. Na biyu, banɗaki da ruwa. Ba zan tsaya gaban yara in ce su canza ƙunzugu su wanke hannu ba, alhali banɗakin babu ƙyaure babu ruwa. Ina ganin rajista, na san 'yan matan da ke ɓacewa kwana uku ko huɗu duk wata, na kuma san dalili.

Yarinyar nan ta ranar Talata yanzu tana aji uku. Idan 'yar aji ɗaya ta ga abin da ya firgita ta, ita ce ke kamo hannunta ta kawo ta ofishina, ta tsaya a bakin ƙofa tana gadi har mu gama. A aljihun teburina akwai audugar mata da nake saya daga albashina, da sabulu, da zani ɗaya. A zangon da ya wuce yara 11 aka kawo mini. Kowacce na yi mata bayani da muryar raɗa, ina duban taga, domin ba ni da izinin kowa. Waɗanda suka zo ke nan. Makarantarmu tana da 'yan mata ɗaruruwa, kuma a watan Satumba wasu sababbi za su shigo. Ina roƙonka, don girman Allah, kafin su shigo a aiko mana da littafi da takardar izini, in tsaya a gaban allo in gaya musu gaba ɗaya.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya shirya mana zuri'a.

Taka mai biyayya,
Wata malamar makarantar gwamnati,
Birnin Zariya.